Maɗacin Gidan Ranau

Shekaranjiya wani a cikinku, dogon nan mai jar hula da waya ba ta barin kunnensa, ya tsaya a bakin rumfata ya ɗauki sassaƙe guda yana jujjuya shi. Ya ce, "Baba, ashe dai ɓawon itace kawai kuke sayarwa? Ai ko ni sai in shiga daji da gatari in ciko buhu kafin azahar." Sauranku kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don ina cikin ƙulla wa wata mata saiwa, kuma na san in na buɗe baki a lokacin ba abin kirki ne zai fito ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, zai iya. Na san mutum biyu da suka ciko buhu tun rana ba ta take tsaka ba, 'ya'yan ƙanwata ne, kuma saboda buhun nan nasu ne in kun duba duk tarin kayan da ke gabana ba za ku ga maɗaci ko ɓalli ɗaya ba. Tunda kun ce kuna son koyon sana'ar, da wannan labarin za ku fara.

Sunana Idi. A kasuwar Funtua Idi Mai Sassaƙe ake ce mini, sai da gemuna ya yi fari aka ƙara mini Malam a gaba. Ban gaji aikin nan ba. Ubana manomin auduga ne a wajen Malumfashi. Ciwon ciki ya taɓa kwantar da shi damina guda, aka kai shi wurin wani tsoho Bamaguje a wata 'yar unguwa bayan Gozaki, ana ce masa Baba Ranau. Da ya samu sauƙi ya ce ba shi da abin da zai saka wa mutumin nan da shi sai ɗa, ya tura ni in taya shi noma in koyi abin da zan iya koya. Lokacin na riga na zama saurayi, har an fara yi mini zancen aure. Dangi suka yi ta tsegumi, wai an kai ɗan Musulmi gidan masu tsafi. Ubana ya ce magani ya tura ni koyo, ba addini ba. Shi kuwa Baba Ranau, ko a tsakiyar daji muke, in ya ɗaga kai ya ga rana ta karkata sai ya ce, "Idi, lokacinku ya yi, je ka, ina nan."

Aikin farko da ya yi a gabana a jikin maɗacin gidansu ne. Itacen yana bakin gonarsa, inda hanyar ƙafa ta gangara zuwa rafi, kuma tun a wancan lokacin sai mutum uku sun haɗa hannu suke rungume shi. Kakan Baba Ranau ma a tsaye ya tarar da shi. Muka fita da safe, shi da ɗan gizago a kafaɗa da wuƙa a ƙugu, ni da ƙwarya cike da laka da aka kwaɓa da kashin shanu. Da muka isa bai taɓa gizagon ba. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin itacen ya fara zagaya shi a hankali, yana shafawa, yana ƙwanƙwasawa da yatsa, bakinsa yana motsi. Na ce a raina, to, ga tsafin nan da ake faɗa. Na sunkuyar da kai ina karanta abin da na iya, ina bin bayansa da ƙwaryata don bai ce in tsaya ba. Sai da ya dawo daidai inda ya fara sannan ya zaɓi wuri. Ya tsaga da wuƙa, faɗin tafin hannu, tsawon kamu ɗaya, ya sa gizago ya ɗago ɓawon a hankali, cikinsa ja wur kamar tsokar nama. Bai kai ga farin itacen ba, ya bar wata 'yar fata mai danshi a manne. Ya miƙo hannu na ba shi laka, ya shafe wurin. Ya ce wannan gefen ya huta ke nan sai an yi damina uku.

Shekara guda cur ina ɗaukar ƙwaryar nan kafin ya bari na riƙe gizago. Gizagonmu ba irin na masassaƙa ba ne. Ƙarami ne, bakinsa bai fi yatsa uku ba, kuma ba a wasa shi ya yi kaifi sosai, don mai kaifi zarcewa yake yi ya ci naman itace. Gatarin da abokinku ya ambata kuwa na faskare ne. Duk wanda kuka gani da gatari a gindin itacen magani, ko ɓarawo ne ko jahili, wani lokaci duka biyun. Abu uku Baba Ranau ya faɗa mini da bakinsa: ka fara shiga gida ka gaida masu itace, ka ɗiba a gefe ɗaya kawai, ka shafe da laka kafin ka juya baya. Zagayen nan bai taɓa cewa komai a kansa ba, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Na yi shekara biyu ko uku a haka, sai ran nan na matsa kusa na ji abin da bakinsa ke faɗa. Ashe ba kowa yake kira ba. Cewa yake, "Nan da rai, nan da rai, nan ya warke, nan da saura." Duba hanyar abincin itacen yake yi. Ta cikin ɓawo ganye ke aika wa saiwa abinci, in aka yanke ɓawon ta ko'ina har ya haɗe kamar zobe, an kashe itacen ke nan, ko da faɗin yankan bai fi yatsa ba. Dole kafin ka taɓa gefen da ke gabanka ka san abin da ya rage a gefen da ba ka gani. Na ji kunyar kaina ran nan, ban kuwa gaya wa kowa ba.

Wata Hajiya a Malumfashi ta taɓa aikowa a kira ni in kashe mata bedi, wanda mutanen Kano ke cewa darbejiya, don saiwarsa ta tsaga mata katanga. Na je na yi masa zobe mai kyau na tafi abina. Bayan wata biyu ta aiko cewa ya tofo ta ƙasan zoben. Na koma na sare shi daga gindi, kututturen ya fito da rassa sun fi goma. Na tara masa kara na cinna wuta. Damina na sauka sai ga shi ya ɓullo ta cikin kicin ɗinta, daga saiwa. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, in mun haɗu sai ta ce, "Malam Idi, abokinka yana gaishe ka." Haka bedi yake. Baƙo ne, iyayenmu sun ga zuwansa, amma tsuntsu da jemage sun raba 'ya'yansa har bayan gidan kowa, ba mai shuka ba mai ban ruwa. Maɗaci kuwa irinsa sirara ne masu fiffike kamar takarda, in ba su samu ƙasa mai danshi cikin 'yan makonni ba sun mutu. In sun tsiro akuya ta cinye. Wanda ya tsallake akuya kuma, mai shuka shi ba zai ga ranar sassaƙarsa ba.

Masu saye su ma aiki ne. Wani Bafulatani yakan zo duk farkon damina ya sayi maɗaci don tsutsar cikin shanu, sai ya ɓalli kaɗan ya tauna ya rufe ido, in ɗacin bai sauka maƙogwaro ya bar bauri a harshe ba ya ajiye mini kayana ya wuce. Wannan ina ganin girmansa. Amma akwai wadda za ta zo ta ce a ba ta mai ja sosai, ko jar ƙasa ka daka mata za ta karɓa. Akwai wanda ya yi sati biyu da zazzaɓi, idonsa ya yi ɗorawa, ka ce masa wannan na asibiti ne, ya ce kai dai ba ka son ciniki. Ga kuma masu lasifika a bayan mota, garin abu ɗaya yana maganin ciwo arba'in, su daka bedi su ce maɗaci ne tunda duk ɗaci ne. Su suka sa ku kuke ganin kowa ma zai iya.

Sanusi da ƙanensa Hamisu, 'ya'yan ƙanwata, sun zo mini ne bayan aikin gurzar auduga ya yi sanyi. Ba yara ba ne, magidanta ne, kowa da matarsa da 'ya'yansa da babur ɗinsa. Uwarsu ta ce in riƙe su. Na koya musu hannu a jikin bedi, tunda ga shi nan ko'ina, in sun ɓata ba a yi asarar komai ba. Suna da hannu kuwa, musamman Hamisu. Sai dai wanda ya koyi aiki a jikin itacen da ba ya mutuwa, tsoro ba ya shigarsa. Ban yi wannan tunanin ba a lokacin, ina ta murna na samu masu ɗauke mini nisan tafiya. Nisa kuwa ya ƙaru. Wuraren da nake zuwa da ƙafa in dawo kafin la'asar, masu injin yankan katako sun bi su ɗaya bayan ɗaya sun mai da su ƙofofi da gadaje, har ya zama maɗacin kirki sai an sha mai a babur ake ganinsa.

Da wata bazara wata Malama daga jami'a ta zo rumfata da littafi da jaka, tana tambayar inda manyan maɗatai suka rage. Na ga tana da ladabi, na ce zan kai ta ta ga ɗaya. Sanusi ya ɗauke ni, Hamisu ya ɗauke ta, muka nufi Gozaki. Baba Ranau ya daɗe da mutuwa lokacin, gidan yana hannun ɗansa Nomau, sa'ana, wanda muka yi shekaru muna kwana ɗaki ɗaya muna noma kunya ɗaya. Muka shiga muka gaisa, muka wuce gindin itacen. Na ɗora hannu na zagaya shi kamar kullum, da sauri, bakina a rufe. Na lura Sanusi da Hamisu sun kalli juna sun ja da baya sun koma wajen baburansu. Na gani sarai, ban ce komai ba. A kasuwa an daɗe ana raɗa cewa Idi ya kwaso wasu abubuwa a gidan Maguzawa, shi ya sa na saba yin zagayena shiru kamar mai satar hanya, ba na son a tambaye ni.

Itacen yana cikin fure, bedin da ke ƙofar gidan Nomau ma haka. Malamar ta tsinko na wannan ta tsinko na wancan ta ɗora mini a tafin hannu, ta ba ni wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Duka biyun ƙanana ne farare, kuma kowanne da ɗan bututu a tsaye a tsakiyarsa, iri ɗaya sak.

Ta ce, "Ka gani, Baba? A wajen masana dangi ɗaya ne. Ganyen ne ya bambanta, na bedi lanƙwasasshe mai haƙora kamar lauje, na maɗaci sumul."

Shekara arba'in ina cin abinci a jikin itatuwan nan ban taɓa duba furensu ba, mu idonmu a gindi yake. Wannan kam ta koya mini. Sai ta ƙara da cewa akwai babban kundi da ake rubuta halin da kowane itace ke ciki, an sa bedi cikin waɗanda ba a damu da su ba, an sa maɗaci cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu in ba a kula ba. Na ce mata wannan ba sai an buɗe littafi ba, ƙafafuna sun riga sun gaya mini.

Sanusi ya taso yana dariya ya ce, "Kawu, ashe wa da ƙane ne! To don me kake lallaɓa ɗaya kamar ƙwai, ɗayan kana jibgarsa?"

Na ce, "Ni da uwarku ciki ɗaya muka fito. Ita tana cin barkono kamar tuwo, ni ɗan kaɗan sai ya kwantar da ni kwana biyu."

Kowa ya yi dariya har Nomau, aka tashi a haka. Ashe rabin maganar Malama na farko kawai suka ɗauka suka sa a aljihu.

Ran nan itacen yana da lafiyayyen ɓawo a wuri biyu: wani tsiri mai faɗin kamu ɗaya a gefen hanya, da kuma bayansa mai faɗi sosai. Sauran duk tabo ne, don da maɗatai suka yi ƙaranci kowa nan ya dawo. Da kaka mutanen gidan suka tafi zaman makoki wani ƙauye kwana uku, wasu da har yau ba a san su ba suka zo da gatura suka kwashe bayan nan kaf, tun daga ƙasa har inda hannu ya kai. Nomau ya aiko mini. Muka wuni muna shafa laka, muka kewaye gindin da ƙaya, muka yi magana a kan ba mai sake taɓa shi, har ni, sai bayan ya haɗe. Rayuwar itacen duk ta koma kan tsirin nan guda na gefen hanya. Ban gaya wa su Sanusi ba, don ba ni da niyyar aikensu can.

Daminar da ta biyo ita ce muguwar shekarata. Ruwa ya yi yawa, sauro ya yi yawa, ba gidan da ba a kwance, kowa ya zo maɗaci yake nema. Ana cikin haka na zame a bakin kwata gwiwata ta goce, mai ɗori ya ce in zauna wuri ɗaya. Kayan rumfa suka ƙare. Na kira Sanusi da Hamisu na kwatanta musu wani kurmi can bayan Dandume inda 'yan maɗatai suka rage, na gaya musu sunan wanda za su gaisar, na maimaita musu abu ukun nan har suka fara ƙosawa. Suka tafi suka tarar rafi ya kawo ba hanyar ƙetarewa, suka juyo. Ba su zo sun gaya mini ba. Washegari da safe suka yi shawara tsakaninsu suka kama hanyar Gozaki.

Ina zaune a zaure da ƙafa a miƙe suka shigo da buhu, su biyu suna rinjayarsa, fuska cike da fara'a. Sanusi ya kwance bakin ya ce, "Kawu, ga kaya. Ka taɓa ganin mai kauri irin wannan?"

Na ɗauki guda. Kaurinsa ya kai tafin hannu, a gefensa kuma ga leɓen wani tsohon yanka da ya warke, miƙaƙƙe, irin na ƙaramin gizago. Yankana ne.

Na ce, "Daga ina?"

"Rafin Dandume ya hana mu, sai muka tuna da itacenka na Gozaki."

"Wane gefe?"

"Gefe ɗaya, yadda ka ce. Na bakin hanya. Har laka mun shafa."

"Duk faɗinsa?"

"Ai ba shi da wani faɗi, Kawu, dama da hagunsa duk an taɓa. Bayan muka bar masa."

"Kun ga bayan da idonku? Kun zagaya?"

Hamisu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Can Sanusi ya gyara murya ya ce, "Kawu, don Allah kada ranka ya ɓaci. Mun ga kana yi ran nan, ba mu ce komai ba don kai babba ne, kuma a hannunsu ka tashi. Amma mu gaskiya ba za mu iya yi wa itace ɗawafi ba."

Na lalubi sandata in kai masa, gwiwa ta ƙi. Ban san lokacin da na fara ihu ba, har matata ta leƙo. Na ce ɗawafin me? Dubawa ake yi! Ido ake kaiwa a ga abin da ya rage! Ɓarayi sun kwashe bayan nan tun kaka, tsirin da kuka ɗebo shi kaɗai ke riƙe da ran itacen, shi kuka cika buhu da shi kuna yi mini murmushi! Na tambaye su ko sun shiga gidan sun gaisa, don da sun shiga da ko mata sun tsayar da su. Suka ce an ce musu Nomau ya tafi kasuwar Malumfashi, sai suka ga ba sai sun shiga ba, suka janye ƙayar suka yi aikinsu, har Hamisu yana taka sirdin babur don ya kai sama.

Da na yi shiru don numfashi, Sanusi ya ce a hankali, "Ai da ka faɗa mana, Kawu."

Wannan ta fi komai ƙona mini rai. Abu uku aka faɗa mini da baki, uku na faɗa musu. Na huɗun, wanda ya fi su duka, a ƙafa na koye shi, kuma kunyar bakin 'yan kasuwa ta sa na bar shi a ƙafar.

A ranar na sa suka ɗora ni a babur da ɗaurarriyar gwiwa, da buhun, da igiyar rama. Duk ramin da muka faɗa sai na ga wuta a idona. Muka isa na ga aikinsu: daga gwiwar mutum har sama da kai, fari fat, sun kankare har naman itace, sun yaɓa laka sama sama kamar masu yaɓen bango. Na zazzage buhun na fara neman wane yanki ne ya dace da wane, irin yadda mace ke harhaɗa fasasshiyar tukunya. Sun daddatsa shi ƙanana don ya shiga buhu. Na san aikin banza nake yi, amma na jera abin da ya jeru, muka ɗaure da igiya, muka shafe. Muna cikin haka Nomau ya dawo daga kasuwa. Ya tsaya ya dube mu. Ya ajiye kayansa, ya ɗora hannu a jikin itacen ya zagaya shi har ya dawo inda ya fara.

Ya ce, "Idi, kai ne?"

Na ce, "'Ya'yana ne. Ni ne ke nan."

Ya ce, "To." Ya juya ya shiga gida, ya sa aka kawo mana ruwan sha. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Ga abin da ke ruɗin wanda bai san itace ba: babban itace ba ya mutuwa ranar da aka kashe shi. Damina ta ƙare maɗacin nan yana kore shar. Da bazara ya yi furen da ban taɓa ganin ya yi ba, tun daga hanya kana jin kukan zuma. Sanusi ya bi ta wajen ya ɗauko hotonsa a waya, ya kawo mini har rumfa yana cewa, "Kawu, ga mataccen naka yana gaishe ka. Ai Malama ta faɗa, jininsu ɗaya da bedi." Na ce masa sama ce ke cin abincinta ita kaɗai, saiwa tana can tana yunwa, ya jira. A raina kuwa ina roƙon Allah ya sa ni ne zan ji kunya. 'Ya'yan da furen ya ɗaura suka zube tun suna ƙanana, ko iri ɗaya ba a samu ba. Da ruwa ya sauka ganyen ya fito ƙanana, rawaya rawaya, rassan sama suka tsaya tsirara. Na je sau huɗu ina tona gindin da yatsa ko zan ga tofo. Abin da na ɗaɗɗaure ya zubo da kansa, gara ta cika bayansa. Kafin a yanke dawa ya bushe ƙurmus. Tun daga nan Sanusi bai sake ambatar Malama ba.

Nomau ya aiko cewa za su kayar da shi kada ya faɗo wa masu zuwa rafi, kuma ya kamata in zo. Gwiwar nan ba ta koma daidai ba har yau, sai da aka kai ni. Masu inji suka yi rabin wuni a kansa. Tsofaffin matan gidan suna tsaye daga nesa. Da ya faɗi sai da ƙasa ta amsa, wurin ya yi wani irin fili, har kana hango rafin daga ƙofar gida. Bayan mutane sun watse muka zauna ni da Nomau a kan gungumen. Muka taɓa zancen dawa da na taki. Na daɗe ina juya maganar a bakina, don na san ba ni da fuskar yin ta, amma mutane suna zuwa rumfa kullum ina ce musu babu.

Na ce, "Nomau, ko ka san inda wani ya rage?"

Ya ɗan jima yana kankare ƙasa da karan dawa. Ya ce, "Akwai biyu. Cikin wani kwazazzabo suke, ko masu inji ba su san da su ba. Baba ya nuna mini su shekarar da zai mutu. Ya ce in Idi ya tsufa nisa ya gagare shi, ka kai shi ya riƙa ɗiba."

Na ce, "To ai na tsufa."

Ya ce, "Ka tsufa. Amma ba zan kai ka ba. Hannunka na san shi, Idi, ba ni da shakka a kansa. Sai dai yanzu ba ka zuwa ko'ina sai a bayan babur, mai babur kuwa yana da ido."

Da ni ne a wurinsa abin da zan faɗa ke nan. Na waiwaya bakin hanya, ga Sanusi can zaune a kan babur yana jirana, don ba ni da wata hanyar komawa Funtua. Na ce wa Nomau ya gaida mutanen gida, na dogara sandata na ɗingisa na je na hau.